WA ZAI BIYA IN AN SACE ƘWANDALAR ƊAN CACA A KAN TEBUR?

Ranar Talata 14 ga watan Disamba na shekarar 2010, wajen ƙarfe huɗu saura na asuba, wani mutum ya tsayar da babur ɗinsa a bakin ƙofar wani ƙasaitaccen otel mai suna Bellagio, a birnin Las Vegas na Jihar Nevada, can ƙasar Amurka. Ko hular kwanon da ke kansa bai tuɓe ba, ya kutsa kai cikin zauren caca, ya nufi wani tebur inda ake jefa 'ya'yan lido, ya zaro bindiga, ya kwashe abin da ya iya kwasa, sa'an nan ya fita a guje ya hau babur ɗinsa ya ɓace. Duka-duka abin bai wuce 'yan mintoci ba. Da aka zauna aka yi lissafi sai aka ga ya tafi da dukiya ta kimanin dala 1,500,000, amma fa ba takardun kuɗi ya ɗauka ba. Abin da ya cika jakarsa da shi waɗansu 'yan kewayayyun abubuwa ne masu launi iri-iri, masu kama da ƙwandala, waɗanda ake yi da cakuɗen yumɓu da waɗansu sinadarai, ko wanne an buga masa sunan gidan da adadin kuɗin da yake wakilta. Da su ake caca a waɗannan gidaje maimakon tsabar kuɗi. A nan za mu kira su ƙwandalolin caca.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa ba tallar caca muka zo yi ba. Hukuncinta a addini sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani daga gare mu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne shari'ar da ke ƙarƙashin al'amarin, watau tsohuwar tambayar nan da ta sha haɗa maƙwabta faɗa: in dukiyar mutum ta salwanta a gidan wani, wa zai biya? Masu gidajen caca na Amurka sun daɗe da tsara wa kansu amsa, kuma amsar tana da ban mamaki.

TA WANE NE?

Tun shekarar 1931 dokar Jihar Nevada ta yarda a yi caca a fili, kuma jihar tana da hukuma ta musamman mai sa ido a kan harkar. A cikin ƙa'idodin da aka shimfiɗa wa gidajen caca akwai babi guda, na 12, wanda ya yi magana a kan ƙwandaloli kaɗai. Abin da ya ƙunsa a taƙaice shi ne, ƙwandala ba kuɗi ba ce, shaida ce kawai ta bashin da mai riƙe da ita yake bin gidan da ya buga ta, kuma ita kanta ƙwandalar ba mallakar kowa ba ce sai gidan. Watau in mutum ya miƙa dala 1,000 aka ba shi ƙwandaloli, bai sayi kome ba, rance ya ba gidan aka ba shi alama. Wajibi ne gidan ya fanshi ƙwandalarsa nan take in mai wasa a gidan ne ya kawo ta. Amma an hana shi fansarta daga hannun wanda ya sani, ko kuwa ya kamata a ce ya sani, cewa ba mai wasa a gidan ba ne.

Wannan ƙa'ida ita ce ta karya ɓarawon Bellagio. Babban kaso na abin da ya kwasa ƙwandaloli ne na dala 25,000 ko wacce, irin waɗanda ba kowa ke taɓa su ba sai manyan attajirai, waɗanda gidan ya san sunayensu ya kuma san abin da ya ba ko wannensu. Ba yadda za a yi baƙon fuska ya je gaban kashiya da irinsu a ƙirga masa kuɗi ba tare da an tambaye shi inda ya samo ba. Daɗin daɗawa, kafin watan Disamban ya ƙare gidan ya buga sanarwa cewa ya soke wannan samfurin ƙwandala ɗungum, duk mai riƙe da ita ya kawo a fanshe ta kafin 22 ga watan Afrilu na 2011. Doka ta ba shi ikon yin haka, muddin ya ba da wa'adin aƙalla kwana 120 ya kuma yi ta shela a jaridu. Bayan ranar, ƙwandalar da ta fi mota tsada ta zama abin wasan yara.

Ɓarawon, wani saurayi ɗan shekara 29 mai suna Anthony Carleo, ɗan wani alƙali ne na birnin. Abin dariya, otel ɗin da ya yi wa fashi can ya koma ya kama ɗaki, yana caca da ƙananan ƙwandalolin da ya sata, yana neman wanda zai sayi manyan a kan araha. Ranar 2 ga watan Fabrairu na 2011 aka cafke shi a cikin otel ɗin, bayan ya sayar wa wani ɗan sandan ciki. Bincike ya nuna shi ne kuma ya yi fashi a ɗakin karta na wani gidan caca mai suna Suncoast kwana biyar kafin na Bellagio. A watan Agusta na wannan shekara aka ɗaure shi, jimillar hukuncin laifuffukan biyu shekara 9 zuwa 27.

To, wannan ke nan in gidan ne aka yi wa sata. Yana da 'yan gadi, yana da na'urorin ɗaukar hoto, yana da ikon kashe ƙwandalar da aka sace tun tana hannun ɓarawo. Waɗansu gidajen ma, irin su Wynn da aka buɗe a 2005, sun sa wata 'yar na'ura a cikin manyan ƙwandalolinsu wadda ke bayyana lambar ko wacce in an ɗora ta a kan ma'auni. Yanzu bari mu juya ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, watau mutumin da ke zaune a bakin tebur.

TASHI KA BAR DUKIYARKA

Akwai wani wasan karta da Turawa ke kira poka, wanda ya sha bamban da sauran cacar da ake yi a waɗannan gidaje. A sauran wasanni mutum da gidan yake karawa, in ya ci gidan ya yi hasara. A poka kuwa 'yan wasa da junansu suke yi, mutum tara ko goma a tebur ɗaya, gidan ba ruwansa da wanda ya ci ko wanda aka cinye. Nasa shi ne ya kawo tebur da karta da ma'aikacin da zai raba, sa'an nan ya yanki la'adarsa daga kuɗin da aka tara a ko wane zagaye, ko kuwa ya karɓi kuɗin zama a kan lokaci. Ke nan duk ƙwandalar da ke kan teburin poka, ban da 'yar wadda ke gaban mai rabo, hakkin wani ɗan wasa ce.

Wasan kuwa mai cin lokaci ne. Mutum ya kan zauna sa'a takwas, goma, har kwana. Dole ya tashi ya kewaya, ko ya nemi abin sa wa a baki. In ya tashi, tulin ƙwandalolinsa nan yake barinsa a gaban kujerarsa, tsakanin mutanen da yawancinsu bai taɓa gani ba sai ranar. Ya dawo ya tarar tulin ya rage tsawo, ko babbar ƙwandalar da ya ɗora a sama ta yi ƙafa. Daga nan rigima ta tashi.

Mai karatu zai ce, ai shi ya so, me ya hana shi zuba abinsa a aljihu? Dokar wasan ce ta hana shi. Wani masanin karta Ba'amurke mai suna Bob Ciaffone ya tattara ƙa'idodin poka a wani littafi da ake kira Robert's Rules of Poker, wanda ɗakunan karta da yawa suka kwaikwaya. A ciki an ce lalle ne ƙwandalolin ɗan wasa su kasance a fili inda kowa zai gani, manya kuma kada a ɓoye su a bayan ƙanana, kuma ba shi da ikon rage wani abu daga kan tebur matuƙar yana cikin wasan. Dalilin haka a bayyane yake: abokan karawarsa suna da hakkin sanin ƙarfinsa, kuma ba a yarda wanda ya cinye mutane ya ɓoye ribar ya ci gaba da wasa da ɗan kaɗan ba. Amma a cikin wannan littafin dai, a babin manufofin gida, an rubuta cewa gidan ba ya ɗaukar alhakin abin da ya ragu ko ya ɓace daga ƙwandalolin da aka bari a tebur sa'ad da mai su ba ya nan, ko da yake zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya kare kowa. Ka ji fa. Da hannun dama an ce ka bari, da na hagu an ce in ya ɓace ruwanka.

A wasannin gasa abin ya fi haka tsanani. Can kowa ya kan biya kuɗin shiga ne a ba shi ƙwandaloli na musamman waɗanda ba a musanya su da kuɗi, a yi ta fafatawa har mutum ɗaya ya tattare su duka. Duk wanda aka gani ya sa ƙwandala a aljihu, ko da tasa ce, ana iya ƙwace ta a kuma kore shi, domin gudun kada ya ajiye ta ya shigo da ita wata gasar. A farkon shekarar 2014, a wata gasa a Jihar Florida, wani ɗan wasa ya ɗauke ƙwandala guda daga nasa tulin ana dab da gamawa, ya ce don tunawa ya ɗauka. Shi ya ci gasar, amma aka hana shi kyautar wajen dala 47,000, aka karɓe zoben da a kan ba zakara. Ashe dai idon gidan yana gani sarai in ƙa'idarsa aka taɓa.

IDON DA KE SAMA

In ɗan wasa ya yi kukan an yi masa sata, mai rabon karta ba shi da ta cewa. Hankalinsa yana kan karta da kuɗin da aka tara a tsakiya, ga shi kuma a kan canja su kusan duk rabin sa'a, sabo da haka mai yiwuwa ne wanda ke zaune sa'ad da aka yi satar ya riga ya koma wani tebur. Sai a kira shugaban ɗakin, shi kuma ya buga waya ga masu kula da na'urorin ɗaukar hoto da ke manne a rufi. In an yi sa'a hoton ya nuna hannun ɓarawo ƙarara, kuma bai riga ya fice ba, 'yan gadi su tsare shi, a karɓe abin a mayar wa mai shi, a hana shi sake taka gidan, wani lokaci a miƙa shi ga 'yan sanda. Nan babu gardama.

Gardamar tana tasowa ne in ɓarawon ya riga ya musanya ƙwandalolin ya kama gabansa, ko kuwa hoton bai fita sosai ba. Na'urar da ke kallo daga sama kan tulin take gani, ba lalle ne ta iya faɗin ko ƙwandala ashirin ce a jere ko goma sha takwas ba, balle launin wadda ke can ƙasa. Shi kansa mai ƙarar sau da yawa ba ya iya rantsuwa a kan ainihin abin da ya bari. Bugu da ƙari, hoton mallakar gidan ne, ba kasafai a kan nuna wa ɗan wasa ba, sai dai a gaya masa abin da aka gani. A irin wannan hali waɗansu gidaje su kan biya, musamman in kuɗin kaɗan ne ko mutumin sanannen abokin ciniki ne, amma su kan bayyana cewa kyautatawa ce, ba wajibi ba. Waɗansu kuwa su ce ka je wurin 'yan sanda, tsakaninka da ɓarawonka.

Masu gidajen suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce in aka ɗora musu biyan duk abin da aka ce ya ɓace, to an buɗe ƙofar zamba ke nan: abokai biyu su haɗa baki, ɗaya ya tashi, ɗaya ya kwashe ya fita, na farko ya dawo ya yi kururuwa a biya shi, su haɗu a waje su raba. Gaskiya ne. Amma a ganinmu hujjar ba ta isa ta wanke su sarai ba. Su ne suka ce ƙwandalar tasu ce, su suka hana a ɗauke ta, su ke da na'urar da ke gani, kuma ba a banza suke ba da wurin zama ba, la'ada suke ci dare da rana. Sun kuma san yadda ake karɓar ajiya in sun ga dama: a gasar da ke ɗaukar kwanaki, in an tashi da dare ko wane ɗan wasa ya kan ƙirga nasa, a zuba a jaka a liƙe, a rubuta suna da adadi, gidan ya adana har gobe.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan a babin ajiya, ko da yake su ba za su saurari ƙara a kan dukiyar caca ba. Sun ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ta salwanta ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Maganar ke nan ta koma kan abu biyu: shin an ba shi ajiyar, kuma shin ya yi sakaci? Kotunan zamani ma kusan nan suke tsayawa. A nan gida Nijeriya an yi wata shari'a mai kama da haka, ta Mai Shari'a Anyah da otel ɗin Imo Concorde na Owerri, inda aka sace masa mota a harabar otel ɗin a 1986 bayan ya kulle ta ya tafi da makullinsa. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 2002 ta yanke cewa otel ɗin ba shi da alhakin biya. Sai dai shi mai mota yana da makulli, ɗan karta kuwa ko murfi ba shi da ikon sa wa nasa.

A Nevada doka ta tanadi hanyar kai kuka. In saɓani ya shiga tsakanin gidan caca da mai wasa a kan abin da aka ci ko aka yi hasara, ko a kan yadda aka gudanar da wasa, kuma kuɗin ya kai dala 500, wajibi ne gidan ya sanar da hukuma nan take. In bai kai haka ba, sai ya gaya wa mutumin cewa yana da ikon neman a bincika. Jami'in hukuma ya yi bincike ya ba da hukunci a rubuce, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka. Amma gidan yana iya cewa satar da wani baƙo ya yi wa wani baƙo ba saɓani ba ne tsakaninsa da kowa, aikin 'yan sanda ne.

Akwai kuma mutum na uku a cikin wannan rigima, watau wanda ƙwandala ta faɗo hannunsa ba ta hanyar tebur ba. Manyan 'yan karta sun saba biyan juna bashi da ƙwandaloli, ko da yake dokar jihar ta hana a yi amfani da su kamar kuɗi a wajen gidan. A 2007 jaridun Las Vegas suka ba da labarin Nolan Dalla, wani sanannen marubuci a kan harkar karta, wanda ya kai ƙwandalar dala 5,000 gidan MGM Grand don a musanya masa. Da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya cewa wani abokinsa ne ya ba shi. Nan take aka riƙe ƙwandalar, ba a ba shi kuɗin ba. In haka ta sami wanda ba a zarge shi da sata ba, to wanda ya karɓi ta sata bisa rashin sani ba sai an faɗa ba.

BUTUTUN DA YA TOSHE

Shari'ar da ta fi fito da wannan al'amari fili ba a Nevada aka yi ta ba, a Jihar New Jersey ce, kuma ba ɗauke ƙwandala aka yi ba, ƙarawa aka yi. Sata ce dai ta wata fuska, domin duk wanda ya cusa ƙwandalar jabu a gasa ya rage darajar ta kowa.

A watan Janairu na 2014 gidan caca na Borgata da ke birnin Atlantic City ya shirya wata babbar gasar poka, kuɗin shiga dala 560, aka sami shiga fiye da 4,800. Ana tsakiyar wasa sai ma'aikatan wani otel na kusa, mai suna Harrah's, suka je gyaran bututun ban ɗaki da ya toshe, suka tarar da ƙwandalolin jabu masu tambarin gasar cunkushe a ciki, waɗanda adadin da aka rubuta a kansu ya kai miliyan 2.7. Da aka bincika waɗanda ake wasa da su sai aka sami na jabu 160 a ciki. Hukumar jihar ta tsayar da gasar, saura mutum 27 a kan tebur, ko wannensu yana hangen kyautar farko ta fiye da dala 370,000. Aka kama wanda ya yi aikin, wani mai suna Christian Lusardi, wanda tsoro ya kama shi ya zuba sauran a masai.

Sai tambaya ta taso, wa zai ɗauki hasarar? Kuɗin kyautar da ya rage wa mutum 27 ɗin nan ya haura dala 1,400,000, da an raba musu daidai da ko wanne ya tashi da kimanin dala 53,000. A watan Afrilu hukumar ta yanke cewa a ba ko wannensu dala 19,323, sa'an nan a mayar wa mutum 2,143 da ake jin jabun ta shafe su kuɗin shigarsu, dala 560 ko wanne. Gidan ya sadaukar da la'adarsa ta dala 60 a kan ko wace shiga aka haɗa a cikin rabon. Mai karatu in ya yi lissafi zai ga cewa mafi yawan kuɗin da aka mayar wa waɗancan daga rabon mutum 27 ɗin aka yanko shi, alhali ba su ne ke da alhakin tantance ƙwandala ba, ba su ne kuma ke da 'yan gadi ba.

'Yan wasa suka garzaya kotu suna zargin gidan da sakaci, suka ce ya ɗebi jama'a fiye da yadda ma'aikatansa za su iya sa wa ido. Kotunan jihar ba su ba su gaskiya ba. A watan Oktoba na 2015 aka ɗaure Lusardi shekara 5, aka kuma umurce shi ya biya diyya: dala 463,540 ga gidan Borgata sabo da hasarar da ya ja masa, da dala 9,455 ga otel ɗin Harrah's, kuɗin gyaran bututu.